Daga Fatar Majema Zuwa Famfon Tuƙa-Tuƙa: Tarihin Sassan Inji da Aka Ƙera Don Su Cinye

Kowane inji, tun daga babur har jirgin sama, yana da wurare iri biyu da suka daɗe suna wahalar da maƙeransa. Na farko shi ne inda ƙarafa biyu suka haɗu alhali akwai mai ko ruwa ko iska a ciki suna neman mafita. Na biyu shi ne inda sandar ƙarfe ke juyawa cikin rami, tana gugar bangonsa dare da rana. Abin da ake sakawa a wuri na farko kanikawanmu suna ce masa sil ko oring, na wuri na biyu kuwa boris ko bushin. A takardar kuɗin gyaran mota su ne suka fi komai araha, kuma da wuya mai mota ya nemi a nuna masa su. Amma duk wanda ya bi tarihin injuna na shekara ɗari biyu da suka wuce zai tarar cewa manyan ƙere-ƙere da yawa sun tsaya cik, wani lokaci na tsawon shekaru, suna jiran a samo abin da za a sa a waɗannan wurare biyu.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ƙarfe ba ya miƙa wuya. Komai iya gogewar da aka yi masa, akwai ƙananan kwaruruka a fuskarsa da ido ba ya gani, kuma ruwan da ke ƙarƙashin matsi zai gano su. Idan kuma ƙarfe ya gogi ƙarfe ba mai a tsakani, sai su yi zafi su ci juna. Saboda haka tun farko maƙera sun san dole a shigar da wani abu mai taushi a tsakani, wanda zai lotsa ya cike gurbi, ya kuma karɓi cinyewar da za ta sami sassa masu tsada. Fiye da ƙarni guda ana yin wannan da fata da igiyar rama da kitse da itace. Daga baya aka koma ga folima, wato sinadaran da aka sarƙa ƙananan ƙwayoyinsu cikin dogayen zarurruka tamkar carbi mai dubban ƙwayoyi. Mu a Hausa duka roba muke ce musu, da mai talewa irin ta taya da mai tauri irin ta bokiti. A wannan tarihi bambancin yana da muhimmanci: mai talewa ita ta gaji aikin fata, mai tauri kuma ta gaji aikin itace da tagulla.

Injin tururi na Thomas Newcomen, wanda ya fara aiki a Ingila a 1712, yana da silinda da ba ta cika zagaye ba, don haka aka naɗa wa fistan fata, aka kuma riƙa zuba ruwa a samansa don ya toshe kafofin da suka rage. James Watt, da injinsa ke buƙatar silinda mai zafi a bushe, sai ya koma cusa igiyar rama da kitse. Duk wannan dabara ce ta toshe rami da ƙarfi: a cusa, a ɗaure, idan ya fara yoyo a ƙara ɗaurewa.

Tunanin da ya sauya lamarin ya fito ne daga shagon wani maƙerin makullai a Landan mai suna Joseph Bramah. A 1795 ya yi rajistar injin matsa kaya da ƙarfin ruwa: ƙaramin famfo yana tura ruwa cikin babbar silinda, ƙarfin hannun mutum guda ya ninka har ya danne tan-tan na kaya. A kan takarda komai daidai ne, amma da matsin ya hau sai ruwan ya tsiyaye ta gefen fistan. Maganin, wanda ake dangantawa da matashin ma'aikacinsa Henry Maudslay, shi ne zoben fata da aka lanƙwasa kamar kwano, bakinsa na fuskantar ruwan. Da matsi ya ƙaru sai ruwan ya shiga cikin kwanon ya buɗa leɓɓansa, ya manna su da bangon ƙarfe. Ruwan da ke neman tserewa shi ne ke rufe wa kansa ƙofa. Kusan duk wani sil da ke aiki yau, a birkin mota ko a hannun katafila, a kan wannan dabara yake tafiya. Abin da ya canja shi ne kayan da ake yin sa da shi.

A ɓangaren juyawa kuwa, jiragen ruwa ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Da aka fara sa musu farfela a ƙarƙashin ruwa, sandar farfelar ta riƙa cinye mazauninta na tagulla cikin ɗan lokaci, har ruwa ya fara shiga jirgi. A 1854 injiniya John Penn na Greenwich ya jera tsinkayen wani itace na yankin Karibiyan mai suna lignum vitae a cikin mazaunin. Itace ne mai nauyin da yake nutsewa a ruwa, cike da wani danƙo na halitta da ke sa shi santsi, kuma ruwan teku kansa ya ishe shi a matsayin mai. Ya yi aiki har ya wuce tsammani. Shekara ɗari bayan haka, jirgin ƙarƙashin teku na farko mai amfani da makamashin nukiliya, Nautilus na Amurka, da wannan itace aka yi mazaunin sandar farfelarsa.

Roba ta shigo da alkawari babba, amma ta daɗe ba ta cika shi ba. Ɗanyen danƙon itacen roba yana narkewa da zafi, yana ƙagewa da sanyi. Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa idan aka dafa shi da farar wuta sai zarurrukansa su ƙulle da juna, ya zama abin da za a tale ya koma yadda yake. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a 1844, ya kuma rasu a 1860 da bashi a kansa. Robar Goodyear ta yi wa ruwa da tururi daidai. Man fetur da man inji kuwa suna kumbura ta har ta ruɓe, ga shi kuma ƙarni na 20 ƙarnin mai ne. Shi ya sa har zuwa wajajen 1930 fata ce ke tsare man mota. Kamfanin Freudenberg na garin Weinheim a Jamus asalinsa majema ne. Da kasuwar fata ta faɗi a rikicin tattalin arziki na 1929, sai suka fara yanka sil daga ragowar fatun, kuma wani injiniyansu, Walther Simmer, ya haɗa zoben fata da siririn sifirin da ke matse shi a jikin sanda mai juyawa. Wannan shi ne kakan abin da bakanike ke kira oyil sil, kuma har gobe Jamusawa da sunan Simmer suke kiransa. Cikin 'yan shekaru masana sinadarai na Jamus suka fito da robar naitiril, wadda ake haɗawa a masana'anta kuma mai ba ya cin ta, majeman suka ajiye fata suka kama ta.

Zoben Christensen

Mutumin da ya fi kowa cin moriyar sabuwar robar a tunani, ya kuma fi kowa rashin cin moriyarta a aljihu, shi ne Niels Christensen. An haife shi a Denmak a 1865, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana saurayi, ya zauna a Milwaukee yana ƙera birkin iska na taragun cikin gari. Sai da ya tsufa, a farkon shekarun 1930, ya duƙufa kan wani abu da kowa zai raina: zoben roba mai jiki zagaye kamar awarwaro, a kwance cikin wani tsagi da aka yanka a jikin fistan. Wani mutumin Suwidin ya taɓa rajistar zobe mai kama da shi a 1896. Gudummawar Christensen ita ce ya yi ta gwaji har ya gano girman tsagin da ya dace. Idan tsagin ya matse zoben ƙwarai sai ya yage. Idan ya yi masa yawa sai ya yi yoyo. Idan kuwa ya ɗan fi zoben faɗi, aka kuma ɗan danne zoben tsakanin ƙarafan biyu, to da matsi ya zo sai ya tura shi gefe guda, robar ta yi kamar ruwa mai kauri, ta miƙa matsin ga kowane bango. Dabarar Bramah ce ta dawo, amma a siffar da ba ta da gaba ba ta da baya, ba a iya sa ta a juye, tana kuma tsare matsi ta kowace fuska.

Ya nemi takardar mallaka a 1937 yana da shekara 72, aka ba shi a 1939. Sai yaƙi ya zo. Jiragen saman yaƙi suna ɗaga tayoyinsu da motsa fikafikansu da ƙarfin mai, kowane jirgi yana buƙatar ɗaruruwan sil marasa nauyi waɗanda ƙaramin soja zai iya canjawa a filin daga. Bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe haƙƙin zoben, ta bar kowane kamfani ya ƙera, ta biya Christensen dala 75,000. Ya rasu a 1952. Sai a 1971 shari'a ta ƙare aka ƙara wa magadansa dala 100,000. A lokacin ana ƙera zoben da biliyoyi, kuma yau yana cikin famfon wanka, da tukunyar gas, da agogon hannu, da allurar man dizal.

A shekarar da takardar Christensen ke jiran sa hannu, wani matashin masanin sinadarai a kamfanin DuPont, Roy Plunkett, yana neman sabon gas na sanyaya firiji a New Jersey. Ranar 6 ga Afrilu, 1938, shi da mataimakinsa suka buɗe wata tukunyar gas, babu abin da ya fito, alhali sikeli ya nuna tana cike. Maimakon su yar da ita sai suka yanka ta, suka tarar da farin gari mai santsi kamar kakin zuma. Gas ɗin ya sarƙa kansa ya zama folima. Wannan shi ne PTFE, wanda aka sa wa sunan kasuwa Teflon a 1945. Kusan babu sinadarin da ke cin sa, yana jure zafi har digiri 260, kuma yana cikin abubuwa mafi santsi da aka sani. Yana da tsada ƙwarai a lokacin, don haka mai sayensa na farko shi ne wanda kuɗi ba su dame shi ba: shirin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka. A masana'antar Oak Ridge ana tace yuraniyam a siffar wani gas mai cin kusan duk abin da ya taɓa, kuma PTFE na cikin 'yan kayan da suka iya tsare bawul da mahaɗar bututu a wurin. Kaskon suya da abinci ba ya kamawa, wanda ta shi yawancinmu muka san Teflon, sai a tsakiyar shekarun 1950 ya fito a Faransa.

Bushin da ba ya shan giris

PTFE shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyi. Idan aka danne shi sai ya riƙa malala a hankali kamar sabulun da ya jiƙa. A shekarun 1950 kamfanin Glacier na Birtaniya ya warware wannan da hawa uku: bayan ƙarfe don ƙarfi, garin tagulla mai kafofi a tsakiya, sannan PTFE da dalma da aka cusa cikin kafofin. Da sanda ta fara juyawa sai ta kwashi ɗan siririn PTFE a jikinta, daga nan santsi ke gugar santsi. A gefe guda kuma ga nailan, wanda Wallace Carothers ya haɗa a 1935, da asital, wanda DuPont ya fara sayarwa da sunan Delrin wajajen 1960. Su waɗannan ana narka su a zuba a mazubi, a fitar da dubban bushin a yini, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Amfanin da masana'antu suka gani a nan ya wuce araha. Bushin na folima ba ya tsatsa, don haka ana iya wanke shi da ruwa kullum. Ba ya buƙatar giris, don haka a masana'antar abinci da magani babu abin da zai ɗiga cikin kaya. Yana shanye girgiza, yana rage ƙara. Idan ƙwayar yashi ta shiga, sau da yawa sai ta nutse cikin jikinsa maimakon ta karce sanda. Wannan na ƙarshe ya kamata mu da muke zaune a bakin Sahara mu lura da shi, domin giris da ƙurar hunturu idan suka haɗu ba mai suke zama ba, abin wasa wuƙa suke zama. Jiragen ruwa ma, bayan sun shafe shekaru suna amfani da mazaunin ƙarfe mai cike da mai wanda ke ɗiga cikin teku, da yawansu sun koma ga tsarin Penn: ruwan teku a matsayin mai, sai dai folima ta maye gurbin itacen da ya yi ƙaranci.

Amma iyakarsa a fili take. Folima ba ta fitar da zafi kamar ƙarfe, tana kumbura da zafi fiye da shi sau da yawa, nailan kuma yana shan ruwa ya ƙara girma. Inda nauyi da gudu suka haɗu, kamar a kan karanshaf ɗin mota, har yau ƙarfe da mai ne ke mulki. Kuma santsi a ɗakin gwaji ba ya tabbatar da ƙarko a wurin aiki. Likitan ƙashi John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila ya ɗauki gaɓar ƙugun mutum a matsayin boris kamar kowane, ya fara dasa wa marasa lafiya kwanon PTFE a ƙarshen shekarun 1950. Da farko sun miƙe suna tafiya ba ciwo. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu kwanon ya cinye, garinsa ya kumbura naman jiki, dole aka sake yi wa mutane kusan 300 aiki. Abin da ya ceci aikin a 1962 wata folitilin ce mai dogayen zarurruka ƙwarai, wadda wani ɗan kasuwa ya kawo asibitin yana tallar giyar injin saƙa da aka yi da ita. Ba ta kai PTFE santsi ba, amma ta fi shi jure guga nesa ba kusa ba, kuma danginta ne ake dasawa a ƙugu da gwiwa har yanzu.

Safiyar 28 ga Janairu, 1986

Babu inda iyakar roba ta bayyana a idon duniya kamar a kumbon Challenger. Rokoki biyun da ke ɗaga kumbon ana ƙera su ne gunduwa-gunduwa a jihar Utah, a kai su Florida ta jirgin ƙasa, a harhaɗa. A kowace mahaɗa akwai zoben roba biyu, kaurin kowanne kusan milimita 7, faɗin da'irarsa kusan mita 3.7, an yi su da roba mai sinadarin fulorin wadda aka zaɓa saboda jure zafi. Matsalar tana cikin daƙiƙar farko ta kunna roka: matsi yana kumbura bangon ƙarfe, mahaɗar ta ɗan buɗe, kuma dole zoben ya taso nan take ya bi ƙarfen ya cike gurbin. Roba mai ɗumi tana yin haka. Roba mai sanyi tana nawa.

Injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol sun san da wannan. Sun ga alamun ƙuna a zobban rokokin da aka tsamo daga teku bayan tashin baya, mafi muni a tashin Janairun 1985, wanda aka yi cikin sanyi. Roger Boisjoly ya rubuta wa shugabanninsa gargaɗi a watan Yulin wannan shekara. A daren 27 ga Janairu, 1986, shi da abokan aikinsa suka ba da shawarar kada a harba kumbon idan zafin zoben bai kai digiri 12 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin da aka taɓa harba kumbo a cikinsa. Jami'an NASA suka nuna rashin jin daɗi, manajojin kamfanin suka keɓe suka janye shawarar. Da safe iska tana wajen digiri 2. Daƙiƙa 73 bayan tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai a ciki, har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Makonni biyu bayan haka, a zaman kwamitin bincike, masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun robar da ɗan maɗauri, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara, ya ciro ya saki, kowa ya ga ba ta koma siffarta da wuri ba.

An saba cewa zobe ne ya kashe su. A ganina wannan rashin adalci ne ga zoben, sassauci ne kuma ga mutane. Robar ta yi abin da aka san tana yi a wannan sanyi. Mahaɗar ce aka tsara ta yadda take buɗewa a lokacin da ya kamata ta matse, kuma masu yanke hukunci sun saba ganin ƙuna kaɗan-kaɗan ba tare da asara ba har suka ɗauke ta a matsayin al'ada. Da aka dawo da tashi a Satumban 1988, an sake fasalin mahaɗar, an ƙara zobe na uku, an kuma sa na'urar ɗumama ta.

Irin wannan kuskure yana faruwa kullum a ƙananan garejoji, sai dai ba a kafa masa kwamiti. Zobban roba kusan duk baƙaƙe ne, ido ba ya bambanta su. Naitiril yana son man inji amma man birki na yau da kullum yana lalata shi. Robar EPDM ita ce ta man birki, amma fetur yana kumbura ta. Mai fulorin tana jure zafi har wajen digiri 200, tana kuma ninka sauran a farashi. Wanda ya auna girma kawai ya sa, ya bar sauran ga sa'a.

Famfon da aka tsara don ƙauye

A shekarun da injiniyoyin Amurka ke jayayya kan zoben roka, wasu injiniyoyi a Malawi da Kenya suna fama da tambaya iri ɗaya a kan injin da ya fi kowane sauƙi, kuma a nan ne tarihin ya iso ƙofar gidanmu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 a matsayin shekaru goma na samar da ruwan sha da tsafta, aka haƙa rijiyoyin burtsatse da dubbai. Famfon da ya fi yaɗuwa shi ne India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya a shekarun 1970 da tallafin UNICEF. Famfo ne mai ƙarfi, an yi shi don ya jure hannun jama'a. Amma fistan ɗinsa yana can ƙasan rijiya da kwanon fata irin na Bramah, kuma idan fatar ta cinye sai an zaro dukkan bututun ƙarfe, tsawon mita talatin ko arba'in cike da ruwa, da manyan kayan aiki da ƙarti da yawa. Hannunsa kuma a kan boris na ƙarfe yake juyawa. Sassan da ba su kai kuɗin kaza ba sai su tsayar da famfo wata da watanni ana jiran motar gyara daga hedikwata.

Wani shiri na Bankin Duniya da UNDP ya juya tambayar. Maimakon neman famfon da ba ya lalacewa, wanda babu shi, sai aka nemi wanda mutanen ƙauye za su gyara da kansu. Daga wani samfuri na Malawi mai suna Maldev aka ci gaba da aiki a Kenya, aka gwada a gundumar Kwale, har aka sami Afridev. Bututunsa na roba ne mai faɗi, ta yadda za a zaro fistan da bawul ta cikinsa da sandunan famfon kawai, ba tare da an taɓa bututun ba. Sil ɗin fistan na naitiril ne, ana cire shi da yatsa. Maimakon boris, hannun yana juyawa a kan bushin na roba mai ɓari biyu, ɗaya asital ɗaya nailan, suna gugar juna ba giris, kuma guda huɗun da ke jikin famfon duk iri ɗaya ne, ba a ruɗewa. Sifana guda ta isa buɗe kan famfon. An bar zanen a fili ba mallakar kowa ba, duk kamfanin da ya iya ya ƙera.

Abin lura shi ne bushin ɗin Afridev ba su kai boris na ƙarfe daɗewa ba, kuma masu tsara shi sun san haka. Sun zaɓi abin da zai cinye da wuri amma mace biyu za su canja shi kafin azahar, a kan abin da zai daɗe amma idan ya mutu sai an kira gwamnati. Indiya ma ta bi sahu da India Mark III mai buɗaɗɗiyar silinda. Waɗannan biyun ne Najeriya ta ɗauka a matsayin famfunanta na ƙasa da sunan RUWATSAN 1 da RUWATSAN 2, kuma Afridev ya yaɗu a arewacin Gana. A Nijar da maƙwabtanta masu Faransanci an fi sanin famfon Vergnet da ake takawa da ƙafa, wanda shi ma zuciyarsa wata jakar roba ce da ke kumbura tana motsewa a ƙasan rijiya.

Duk da haka, wani ƙiyasi da ƙungiyar masana ruwan karkara ta RWSN ta fitar a 2009 ya nuna kusan famfo ɗaya cikin uku a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba ya aiki. Dalilan suna da yawa: rijiyar da aka haƙa ba daidai ba, ruwan ƙasa mai tsami da ke cin bututun ƙarfe, kwamitin da ya watse, kayan jabu. Amma akwai wani dalili da ya fito daga nasarar tsarin kanta. Sil da bushin na Afridev ana so a canja su kamar sau ɗaya a shekara, kuma arahar tasu ta sa babu riba a ajiye su. Mai shagon da ke garin da famfunan kewayensa ba su wuce hamsin ba zai sayar da 'yan ƙalilan a wata, ribarsu ba ta kai ta katan ɗin man babur guda ba, don haka ba ya saro su. Sai ya zama kuɗin motar zuwa babban birni neman zoben ya ninka kuɗin zoben sau da yawa, kuma wanda aka aika ba shi da hanyar sanin ko abin da aka miƙo masa naitiril ne ko kuwa baƙar roba ce kawai da aka yanka daidai girman.